Kunun Kanwa da Zuciyar Maijego: Abin da Aka Gano a Zariya, da Abin da Ya Biyo Baya

In kana karanta muƙalun likitoci a kan ciwon zuciyar da ke kama mata dab da haihuwa ko bayanta, da wuya ka yi nisa ba ka ci karo da sunan Zariya ba. Kusa da sunan kuma za ka ga wata kalmar Hausa da aka bari yadda take, ba fassara: kanwa. Bayanin bai wuce layi biyu ko uku ba. Wai matan Hausawa na shan kunun kanwa, suna wanka da tafasasshen ruwa, suna kwana a kan gado mai wuta har kwana arba'in, shi ya sa zuciyarsu ke gazawa. Shekara kusan hamsin ke nan marubuta na kwafar wannan bayani daga hannun juna. To amma a 2020 wani babban bincike da likitocin Najeriya suka yi ya fito da sakamakon da bai dace da shi ba. Tunda maganar ta shafi abin da nas ko ungozoma za ta faɗa wa maijego da kakarta gobe da safe, ya kamata mu bi tarihin daga tushe.

Ga yadda ciwon yake. Mace ce lafiyayya, ba a san ta da ciwon zuciya ba. Ta haihu, an yi suna, an watse. Sai ƙafafu su fara kumbura, ta riƙa haki ko da daga ɗaki zuwa tsakar gida ne, in dare ya yi ba ta iya kwanciya miƙe sai an jingina ta, ga tari. Abin da ke faruwa a ciki shi ne zuciya ta kasa tura jini yadda jiki ke buƙata, ruwa ya taru a huhu da ciki da ƙafafu. Wasu na warkewa sarai, wasu su rayu da raunin zuciya, wasu kuma rai ya yi halinsa jariri na goye.

An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, aka buɗe sashen koyar da likitanci a 1967. A wancan lokacin babu asibitin Shika da muka sani yanzu, sai a 2005 aka koma can. Asibitin koyarwa yana Tudun Wada, kuma jami'ar na da rassa a Kaduna da Malumfashi. A 1969 wani likita daga yankin Wales na Birtaniya, Eldryd Parry, ya zo a matsayin farfesan likitanci, ya zauna har 1977. Abin da ya tarar a ɗakin mata ya ba shi mamaki: ciwon da likita a Ingila zai iya gama aikinsa bai gani ba sai jefi-jefi, a nan gado bayan gado ne.

Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka shiga rubuta bayanan kowace mace da aka kwantar. Cikin shekara uku suka tara 224. Da suka buga cikakken rahoton a mujallar Quarterly Journal of Medicine a 1978, alƙaluman sun girgiza masana: kusan haihuwa ɗaya cikin kowace 100 a yankin na ƙarewa da gazawar zuciya. A ƙasashen Turai da Amurka ana maganar ɗaya cikin dubbai ne. Mafi yawan matan Hausawan karkara ne, haɗarin na ƙaruwa da shekaru da yawan haihuwa, alamun sun fi farawa a mako na biyu bayan haihuwa, kuma watan Yuli ne aka fi kawo su. Da yawa sun zo da hawan jini. Abin farin cikin shi ne magani ya yi aiki da sauri: da aka ba su digoksin da maganin sa fitsari, kumburi ya saɓe, jini ya sauka, zuciyar da ta faɗaɗa ta koma daidai a wajen mafi yawansu cikin shekara guda.

Tun kafin wannan rahoto, a 1974, Davidson da Parry da wata abokiyar aikinsu mai suna Trevitt sun riga sun buga bayaninsu na dalili a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya. Yadda suka yi aikin yana da ban sha'awa. Sun duba garuruwan da matan suka fito, sun tuntuɓi asibitoci da likitoci a jihohin Arewa, sannan suka tambayi ɗalibansu na likitanci da na jinya, 'yan ƙabilu daban-daban, yadda ake jego a gidajensu. Zariya wuri ne da ya dace da irin wannan kwatanci. Tsakanin birni da Sabon Gari, inda jirgin ƙasa ya tara Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin Zariya da sauransu, da kuma Samaru mai cike da 'yan boko daga ko'ina, al'adun jego iri-iri ne ke zaune kusa da juna. Abin da suka gani shi ne ciwon ya fi yawa a inda Hausawa suka fi rinjaye, musamman kewayen Zariya da Malumfashi, inda ake tsananta wankan jego da gadon wuta da kanwa.

Hujjarsu kuwa ba ta banza ba ce. Kanwa, duk da Turawa na kiranta da sunan da ke nuna sinadarin fotasiyam, galibinta sodiyam ne, irin sinadarin da ke cikin gishiri, kuma sodiyam na riƙe ruwa a jiki. Mai ciki dama jininta ya ƙaru da kusan rabi. In ta haihu, jinin da ke zagaya mahaifa ya dawo cikin jijiyoyi, jiki na ta ƙoƙarin fitar da rarar ruwa. A daidai wannan lokacin sai a ɗora mata kunun kanwa safe da yamma, da yaji da gasasshen nama mai gishiri. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara aiki don ta cika su. Ka haɗa tafasasshen ruwa da ake fyaɗawa da ganyen runhu ko darbejiya sau biyu a rana, da gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, da ɗaki a rufe don kada sanyi ya shiga, da damshin damina. Ko zuciyar ƙato ce za ta ji a jikinta.

A 1979 aka samu wani sakamako da mutane da yawa suka manta da shi, alhali shi ne mabuɗin rikicin da ya zo daga baya. John Sanderson, tare da Adesanya da Anjorin da Parry, sun yi wa mata 43 hoton zuciya na eko, wato na'urar da ke amfani da sauti ta nuna zuciya tana bugawa. Sun zaci za su ga tsokar zuciya ta lalace. Sai suka ga a wajen da yawa daga cikinsu tsokar na matsawa ba laifi, jinin da take turawa ma yana da yawa, duk da kumburin da ya cika jiki. Suka ce ke nan abin da ke fara faruwa a Zariya taruwar ruwa ce, ba lalacewar tsoka ba. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikin Zariya bai tsaya a nan ba, kuma ɓangaren da ya fi burge mu a cikinsa shi ne bibiyar. Matan da aka kwantar tsakanin 1969 da 1972, su 227, an ci gaba da neman labarinsu har 1993 zuwa 1995. Sama da shekara ashirin ke nan, a zamanin da babu wayar hannu, kuma adireshin mutum shi ne sunan unguwa da sunan maigida. Rahoton da ya fito a 1998 ya faɗa ƙarara cewa aikin ya dogara ne galibi a kan wata baiwar Allah 'yar Zariya, A. Abdullahi, da tsantsenin da ta yi wajen kawo bayani, kuma sunanta na cikin marubutan. Duk wanda ya san gidan da aka rubuta "ba shiga" a zaure ya san farfesa namiji, Bature ko baƙi, iyakarsa ƙofar gida. An tabbatar da rasuwar 75 daga cikin matan, 55 ta dalilin zuciya da jijiyoyin jini. Jininsu ya yi ta hawa da shekaru. Da aka kwatanta 100 da suka rayu da wasu mata 100 da ba su taɓa ciwon ba, an ga waɗanda suka yi ciwon sun fi ƙara gishiri a abinci nesa ba kusa ba. Marubutan suka kammala da cewa mata ne da jikinsu ke da saurin kamuwa da hawan jini, sai kanwa da gishiri da zafi suka tunzura abin.

Yayin da ake wannan, wasu na kallon wani gefen. A Yamai, wani likita Bafaranshe, Arnaud Cénac, ya buga a 1992 cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin seleniyam a jini. Seleniyam sinadari ne da jiki ke buƙata ɗan kaɗan, ana samunsa daga hatsi da nama da kifi da ƙwai, gwargwadon yadda yake a ƙasar noma. An san ƙarancinsa na lalata tsokar zuciya tun daga ciwon Keshan na ƙasar Sin, wanda ya fi kama yara da mata masu shekarun haihuwa, ya kuma ragu ƙwarai da aka fara ba mutane sinadarin a shekarun 1970. A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ba da rahoto a 2007 cewa ciwon na faruwa sau ɗaya a haihuwa 102, kusan daidai da Zariya shekara talatin baya. A Jamus, a 2007 ɗin dai, Denise Hilfiker-Kleiner ta nuna a jikin ɓeraye cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, na iya tsinkewa ya ba da wani guntu mai cutar da ƙananan jijiyoyin zuciya. A 2016 kuma aka gano kusan kashi 15 cikin 100 na masu ciwon na ɗauke da tawaya a ƙwayoyin gado, galibi a wanda ke gina furotin ɗin titin na tsokar zuciya. Matan da aka yi wannan gwaji a kansu ba masu shan kunun kanwa ba ne.

Sai babban binciken gida. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci rajistar da aka sa wa suna PEACE. Tsakanin 2017 da 2018 aka tattara mata 406 masu ciwon daga asibitoci 22 a faɗin Najeriya, da wasu 99 masu jego lafiyayyu don kwatanci. Sakamakon da ya fito a 2020 ya tabbatar da rabin maganar Zariya: har yanzu Arewa maso Yamma ce cibiyar ciwon, inda ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Amma ɗaya rabin bai tsaya ba. Wankan ruwan zafi da kunun kanwa ba su nuna alaƙa da ciwon ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, da tarihin hawan jini na ciki, wanda in ya tsananta yake kai mace ga jijjiga, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi. A wani rahoton na rajistar, cikin mata 244 da aka bi har kusan wata 17, kashi 18.7 cikin 100 sun rasu, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne zuciyarsu ta dawo daidai. 'Yan ƙasa da shekara 20 sun fi shiga haɗari, waɗanda ke shan magungunan rage gudun zuciya da ake kira beta-buloka kuma sun fi tsira.

To, wa ya yi daidai? Mu dai a ganinmu ba lallai ne ɗaya ya ƙaryata ɗaya ba, saboda ba abu guda suka ƙirga ba.

A zamanin Parry, duk macen da zuciyarta ta gaza a kusa da haihuwa ba tare da wani sanannen dalili ba, an sa ta a lissafi. Daga shekarar 2000, da kuma ma'anar da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta fitar a 2010, sai an ga rauni a hoton eko: kason jinin da ɗakin hagu na zuciya ke fitarwa a kowane bugu ya gaza kashi 45 cikin 100. Ka tuna matan Sanderson na 1979 da tsokarsu ke matsawa ba laifi? Da yawansu yau ba za su shiga rajista irin ta PEACE ba. Wannan ma na iya bayyana dalilin da ya sa matan Tudun Wada suka riƙa warkewa da sauri, na yanzu kuwa ba haka ba. Wataƙila a ɗakin Parry cututtuka biyu ne ke kwance gefe da gefe: mai ruwa ya yi wa yawa saboda gishiri da hawan jini, da mai ainihin raunin tsoka.

Akwai kuma matsalar da duk mai nazarin cututtuka ya sani. In kusan kowa a gari yana yin abu, da mai ciwo da mai lafiya, da wuya kwatanci ya nuna laifin abin. Wani bincike da Zubairu Iliyasu da abokan aikinsa suka yi a ƙauyen Danbare kusa da Kano, aka buga a 2006, ya nuna mafi yawan iyaye mata na wankan jego da shan kunun kanwa har a lokacin. Tambayar "kin yi ko ba ki yi ba" ba ta auna yawan kanwar da aka jefa a tukunya, ba ta auna zafin ruwan. Kuma jegon yau ba na 1970 ba ne. Gadon ƙasa mai wuta ya yi ƙaranci, itace ya yi tsada, matar da ke haya a ɗaki ɗaya a Sabon Gari ko Hayin Dogo ba ta da inda za ta kafa tukunyar wanka ta kwana arba'in. Al'adar ta yi sauƙi, amma alƙaluman ciwon ba su sauka ba: ɗaya cikin 100 a Zariya, 102 a Sakkwato, 96 a rajistar PEACE. Wannan kaɗai ya isa ya sa a daina ɗora wa kanwa dukkan laifin.

Ko watan Yulin nan ma yana da fuska biyu. An fassara shi da zafi da damshi, kuma haka ne. Amma duk ɗan ƙauye ya san Yuli lokaci ne da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro na tashe. Wanda ya karanta sakamakon PEACE a kan rama zai kalli wannan wata da wani ido. Haka nan maganar ilimi ba sabuwa ba ce a Zariya. Kelsey Harrison, likitan mata a wannan asibitin dai, ya nazarci haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, ya buga a 1985, kuma babban abin da ya fito da shi shi ne mutuwar mata wajen haihuwa ta fi yawa ƙwarai a cikin waɗanda ba su yi makaranta ba, ba su kuma zo awo ba. Bayanin talauci yana nan tun lokacin a ɗakin haihuwa. Na kanwa ne ya fi tafiya duniya, wataƙila don ya fi daɗin ba da labari.

Kada a ɗauka muna cewa a koma a cika kunu da kanwa. Macen da ta yi hawan jini da ciki, ko ƙafarta ta fara kumbura, ƙarin sodiyam cutarwa ne a gare ta ko da ba shi ya jawo ciwon ba, kuma tafasasshen ruwa na ƙona mata har a kwantar da su. Abin da ya canja shi ne inda ya kamata ma'aikaciyar jinya ta sa ido. In duk jawabin ranar awo ya ƙare a kan faɗa da al'ada, kaka za ta ji an raina ta, ta yi shiru, ta ci gaba da abinta a gida. Mafi muni, macen da ba ta taɓa shan kunun kanwa ba za ta zaci ta tsira. Ramammiyar yarinya 'yar shekara 18 da jininta ya hau a watan takwas, ita ce wadda bincike ya ce a bi, ko ta yi wankan jego ko ba ta yi ba.

Game da seleniyam, Karaye da abokan aikinsa sun gwada ba da maikurogiram 200 a kullum na wata uku a wani gwaji mai mata 100 da aka buga a 2020. Alamun ciwon sun ragu a wajen waɗanda suka sha, amma ƙarfin zuciya a hoton eko bai nuna bambanci ba, kuma gwajin ƙarami ne. Ba abin da za a je kemis a saya a sha da ka ba ne, domin yawansa guba ne.

Sabon abin da ake magana a kai shi ne gano ciwon da wuri. A 2024 mujallar Nature Medicine ta buga wani gwaji da Demilade Adedinsewo ta asibitin Mayo na Amurka ta jagoranta tare da likitoci a asibitoci shida na Najeriya. An raba mata 1,232 masu ciki da masu jego gida biyu. Rukuni ɗaya an duba su yadda aka saba, ɗayan kuma an ƙara da na'urar sauraron ƙirji mai ɗaukar bugun zuciya, wadda ƙirƙirarriyar basira ke tantancewa. Na'urar ta kai ga gano raunin zuciya a kashi 4.1 cikin 100, a ɗaya rukunin kuwa kashi 2. Ninki biyu ke nan, da abin da nas za ta iya riƙewa a aljihu.

Sai dai na'ura na ganin wadda ta zo ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duba maijego cikin awa 24 na farko, da rana ta biyu zuwa ta uku, da tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. A wajenmu, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mafi yawan matan Arewa maso Yamma a gida suke haihuwa, zuwan da aka fi cikawa shi ne na mako shida, don ya zo daidai da fitar arba'in da rigakafin jariri. Dubawar kwana 7 zuwa 14 ta faɗo ne a tsakiyar lokacin da maijego ba ta fita, kuma in hakin ya fara, gida zai ce gajiyar haihuwa ce ko sanyi ya shige ta, a ƙara wuta. Ma'aikaciyar da za ta shiga gida a wannan makon ba ta buƙatar abin da ya wuce na'urar awon jini, da yatsan da za ta danna ƙafa, da tambaya ɗaya: kina iya kwanciya miƙe da dare? A rahoton 1978, alamun sun fi farawa a mako na biyu, amma matan sun fi isowa asibitin Tudun Wada a mako na huɗu.